Yadda Na Sayar da Taken Babana

Abubuwan da nake jin da ma ban yi su ba suna da yawa, kamar kowane tsoho, amma guda ɗaya ne har yau idan na tuna shi abinci ke fita raina. Shi ne kuma abin da kuka fi alfahari da shi a kaina, wato waƙar Bushiya. Kun taso kuna jin ana kirana Alhaji Audu Bushiya. Kuna jin daɗi idan mun shiga kasuwar Funtuwa wani dattijo ya hango ni ya ɗaga murya ya rera ta. Ranar sunan ɗiyar 'yar'uwarku Hadiza har jikokina kuka koya wa, suka jeru a gabana suna yi suna tafi. Na yi murmushi na shige ɗaki, kuka ɗauka gajiya ce. Ba gajiya ba ce. Kiɗan da ke ƙarƙashin waƙar nan ba nawa ba ne, ba na kamfani ba ne. Na kakanku ne. Sace shi na yi, sannan na zauna ina kallo aka ɗora wa wani satar.

Ku da kuka tashi a Kaduna ba ku san mene ne take ba, don haka bari in fara daga nan. Garinmu yana tsakanin Malumfashi da Gozaki, ƙasar dawa da auduga. Babana Mati shi ne Sarkin Noman garin, kuma ba gadon sarautar ya yi ba, da garmarsa ya samu. A lokacin idan manomi ya isa, makaɗi kan yi masa kiɗa nasa na kansa, wanda ba a yi wa kowa sai shi. Shi ne take. Ranar gayya, idan samari sun jeru a gona ana huɗa, ganga tana tashi, duk wanda aka buga takensa shi kaɗai zai ɗaga garma sama, sauran su ba shi wuri ya wuce gaba. Ba a rawa da taken wani. Ba a buga shi a gidan biki don nishaɗi. Yaro ko a wasa ya kwaikwaye shi da gwangwani sai an ja masa kunne. Taken babana, ganga ce ke faɗa, makaɗin yana biye da ita da baki: Mati na Delu, rana ta gaji, kai ba ka gaji ba. Delu kakata ce. Na sha ganin babana, mutumin da ba ya dariya a gaban 'ya'yansa, idan aka buga wannan sai jikinsa ya ɗauki rawa, ya cira garma, ya yi wata ƙara da ba a jin irinta daga bakinsa sai a ranar.

Wanda ya yi masa taken shi ne Tanko, makaɗin gidanmu. Kaciyarsu ɗaya da babana, tare suka yi kiwon awaki. Gajere ne, mai wushirya, bakinsa ba ya hutawa. Idan saurayi ya miƙe yana dafe da ƙugu a tsakiyar aiki, Tanko zai matso da ganga har kusa da kunnensa ya tambaye shi ko naƙuda ce ta zo, a kira ungozoma. Duk kaka babana kan aika masa da dammunan dawa kafin a zuba ko zangarniya ɗaya a rumbunmu. Ni kuwa Ɗan Gida yake ce mini, don shi ya yi kiɗa ranar sunana, kuma a wuyansa na fara zuwa gona.

Noma bai karɓe ni ba. Yayana Lawal shi ya biyo babanmu, ni hannuna na zane ne. Na gama firamare a Malumfashi, ban samu wucewa gaba ba, sai na tafi Funtuwa wajen wani mai rubutun allo a bakin tasha. Muna yi wa manyan motoci fenti, mu zana zaki ko bishiyar dabino a baya, mu rubuta wa masu shaguna sunayensu. Wata rana wani mai shayi ya ce in rubuta masa suna kawai, ni kuma don wurin ya yi saura na ƙara da cewa: Shigo da yunwa, fita da labari. Wannan rubutu ne ya canza mini rayuwa. Wani mutum mai suna Mista Yohanna, mutumin Gozaki ne da ya yi karatun mishan, ya tsaya shan shayi ya karanta, ya tambayi wanda ya rubuta. Yana aiki a reshen Kaduna na wani kamfanin talla da babban ofishinsa ke Ikko. Ya ce suna da masu Turanci har sun yi yawa, abin da suka rasa shi ne mai Hausar da za a ji a kasuwa. Ban ko koma gida na yi sallama da kyau ba, na bi shi.

Kada ku ɗauka da isata aka ba ni kujera. A bayan ofis aka ajiye ni, kusa da inda ake wanke kofuna, ina zanen kwalaye. Masu laƙatayi a wuya, wato 'yan bokon ofis, suna wucewa suna ce mini mai fenti. Idan an aiko da talla daga Ikko a Turance, su za su fassara, su fito da wata irin Hausa mai tsayi da ba wanda ya taɓa jin an yi ciniki da ita. Ni aikina in hau motar talla in riƙe lasifika, mu zaga Bakori, Danja, Ƙafur, har Matazu, da rana a sa kaset a kasuwa, da yamma a nuna majigi. A nan na yi karatun da ban yi a makaranta ba. Na ga cewa idan aka sa tallar masu laƙatayi, manomi ko juyowa ba ya yi, cinikin akuyarsa yake. Amma ko daga ƙarshen kasuwa wani ya taɓa ganga, sai ka ga kawuna sun ɗago gaba ɗaya. Na faɗa a ofis, aka yi mini dariya, sai Mista Yohanna kaɗai ya ce in riƙe wannan a raina. Haka na yi ta zama, shekara na bin shekara, wasu da suka zo bayana suna samun tebur. Idan na je gida babana ya tambaye ni aikin me nake yi, sai in ce zane, ya ce to, ya juya ya ci gaba da magana da Lawal a kan iri. Wannan "to" ɗin ya fi zagi ciwo a wurina. Ban faɗi haka don in wanke kaina ba. Na faɗa ne don ku san irin yunwar da nake ciki.

Lokacin ne kuɗin mai ya shigo ƙasa, gwamnati ta kawo babban aikin gona yankin Funtuwa, kowa na maganar taki da feshi. Wani kamfani ya shigo da maganin feshin auduga, a jikin gwangwanin akwai hoton bushiya, sunan maganin ke nan, ya ba mu aikin tallarsa. Ikko suka aiko da waƙa mai jita da muryar mata. Muka sa ta a kasuwar Bakori, wani tsoho ya tambaye ni ko sabulu muke sayarwa. Manaja ya fusata, ya tara mu ya ce duk wanda ya kawo waƙar da za ta shiga kunnen manoma kafin damina, shi zai riƙe sashen Hausa gaba ɗaya. Ina tsaye a bakin ƙofa, don ba a ba ni wurin zama a irin wannan taro. Tun kafin ya rufe baki na ji gangar Tanko a cikin kaina. Na san ba wani manomi daga Malumfashi zuwa Funtuwa da zai ji wannan kiɗa bai tsaya ba. Na kuma san ba nawa ba ne. Duka biyun na sani a lokaci guda.

Da bazara na je gida na sami Tanko a gindin tsamiyarsa yana ɗaurin ganga. Na ce masa a Kaduna akwai na'urar da ke adana sauti, ko mutum ya mutu muryarsa tana nan. Na ce ina so in ɗauki taken Baba in ba shi kyauta da Babbar Salla, amma kada kowa ya ji, don ya zo masa ba zato. Ya ajiye gangar ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa.

"Ɗan Gida, ashe kana da hankali haka? Mu da muke cewa fenti ya shanye maka ƙwaƙwalwa."

Ya gaya wa mutanen gari zai je Zariya neman fatar ganga, muka haɗu a tashar Funtuwa. A ɗakin ɗaukar murya sanyin na'ura ya sa fatar ta saki, ya ce a kashe wannan aljanin da ke hura iska, aka kashe, muka jira ta ɗame. Ya gwada sau biyu ya tsaya, ya ce hannunsa ba ya tafiya, shi bai taɓa buga wannan ba sai yana ganin garma a sama. Na duba ɗakin na ɗauko tsintsiya mai sanda na ɗaga. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce ko da tsintsiya ban iya riƙo ba. Sannan ya nutsu, ya matsa bakinsa kusa da abin magana, ya ce:

"Sarkin Noma, Tanko ne. Ɗanka Audu ya kawo ni Kaduna don in ajiye maka abinka. Ko ba ni, ko ba kai, jikoki su ji."

Ya rufe ido ya buga. Injiniyan da ke ɗauka ba Bahaushe ba ne, amma sai da ya cire abin kunnensa ya miƙe tsaye. Da muka fito na kai Tanko kasuwa na saya masa babbar riga shuɗiya da hula, na sa shi a mota.

Kwana kaɗan bayan haka na yanke maganarsa ta farko da kirarin da ya yi, na bar gangar zalla, na kawo mawaƙa na ɗora musu kalmomina a kai: Ƙwari sun gaji, Bushiya ba ta gaji ba, manomi fesa Bushiya. Na kai wa Mista Yohanna shi ya fara ji. Bai bari ta kai ƙarshe ba ya kashe rakodar. Shi ɗan ƙauye ne kamar ni, mahaifinsa ma an yi masa gayya.

"Malam Audu, wannan taken wani ne."

Na ce na babana ne.

"Ba abin da nake tambaya ke nan ba. Ya sani? Ya yarda?"

Na ce ya yarda, har ya sa albarka. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce tunda mai abu ya yarda shi ba shi da ta cewa, amma shi da nasa uban ne da bai roƙa ba.

Waƙar ta fita da farkon damina, kuma ta ci gari fiye da yadda kowa ya zata. Rediyo na sa ta safe da yamma. A kasuwar Danja na ga mutane sun bar rumfuna sun kewaye motarmu. Yara na yin ta a hanyar makaranta, 'yan kamasho na yin ta a tasha, mata na daka da ita. Maganin kuma ba laifi, yana kashe ƙwari, ban cuci manomi ko ɗaya da shi ba. Aka ba ni tebur kusa da taga, aka ba ni babur, masu laƙatayi suka koma ce mini Malam Audu. Babbar Salla kuwa ko tunanin kai wa Baba kaset ɗin ban yi ba. Na ƙi zuwa gida, ina gaya wa kaina cewa Baba ba ya sauraron rediyo sai tafsiri da azumi, kafin azumi kuma an daina sa ta. Daga baya na ji cewa Inna ce ta fara jin ta a gidan, tana tankaɗe, ta tashi ta kashe rediyon Lawal, ta ce kada ta ƙara jin an kunna shi a tsakar gida. Duk garin an ji, amma ba wanda ya iya tunkarar Sarkin Noma da maganar.

Ana tsakiyar damina motarmu ta zo cin kasuwar Malumfashi, na ga ba yadda za a yi a gan ni a nan ban ƙarasa gida ba. Na isa na tarar washegari ce gayyar Baba, an gayyato samari har daga garuruwan maƙwabta. Da safe, ana sauke tukwanen kunu a bakin gona, Tanko ya ja ni bayan wata ɗorawa. Ranar babu wasa a bakinsa.

"Ɗan Gida, abin da nake ji a rediyon mai shayi, hannuna ne. Na san hannuna."

Na ce kuskure aka yi a ofis, wani ya ɗauki kaset ɗin ba da sanina ba, zan sa a cire.

"To ka je ka faɗa wa Sarkin Noma yanzu, kafin in buga. Daga bakinka zai fi sauƙi."

Na ce a bari a gama aiki, kada a ɓata masa rana. Ya dube ni, ya gyara ratayar gangarsa, ya wuce.

Har yau ina ganin gonar. Dawa ta kai ƙugu, ƙasa ta sha ruwa, samari sun jeru daga wannan iyaka zuwa waccan. Da hantsi ya yi aiki ya ɗauki zafi, Tanko ya yi ta kewaye-kewaye, ya buga na wannan ya buga na wancan, yana jan lokaci, har Baba ya ɗago ya harare shi. Ba yadda zai yi, ya juya ganga ya saki taken. Baba ya cira garma sama, ya buɗe baki zai yi ƙarar nan tasa. Sai samarin da suka zo daga wasu garuruwa, waɗanda ba su san komai ba sai abin da suka ji a rediyo, suka amsa gaba ɗaya da murna: Bushiya ba ta gaji ba! Wasu suka ajiye garma suka shiga rawa. Yaran da ke raba ruwa suka ɗauka. Wani ya nuna Baba ya ce ga Bushiyar nan da kanta, dariya ta bi layi har ƙarshen gona. Ba da mugunta suka yi ba, shi ne abin da ya fi muni. Baba ya tsaya da garma a sama yana duban hagu da dama, bai gane abin da ke faruwa ba. Tanko ya ɗora tafin hannu a kan fatar, kiɗan ya mutu. Lawal ya matsa ya yi wa Baba magana a kunne. Na ga garmar tana saukowa a hankali. Ya sunkuya ya ƙarasa layinsa shi kaɗai har iyaka, ya saɓa garma ya nufi gida, ko kunun bai sha ba.

Bayan la'asar aka zauna a zauren gidanmu, dattawan gari da Lawal da ni, aka aika aka kira Tanko. Kafin ya iso magana ta riga ta nuna. Wani mai goro ya ce ai shi ya gan shi a tashar Kaduna da ganga a lokacin da ya ce Zariya za shi. Wani ya ce a tuna da shuɗiyar rigar da ya dawo da ita, fatar ganga ba ta haihuwar riga. Ni ba wanda ya kawo sunana, don a sanin garin ni mai zane ne, ba ruwana da rediyo. Tanko ya shigo ya durƙusa a inda ya saba. Baba ya tambaye shi ko ya je Kaduna, ya ce ya je. Ya tambaye shi ko ya buga musu, ya ce ya buga.

"Wa ya kai ka?"

Tanko ya ɗago ya dube ni. Ba kallon tuhuma ba ne, kallon wanda ya buɗe maka ƙofa ne yana jira ka shiga. Na sunkuyar da kai ina wasa da makullin babur. Su makaɗan gida a wurinmu ba sa tona asirin ɗan gidan da suke yi wa kiɗa, ko da wuƙa a wuya, aikinsu ɗaga sunan gida ne. Na san da haka, kuma da shi na dogara.

"Ƙafata ce ta kai ni, Sarkin Noma."

Sai Baba ya juyo wurina, ya ce ni da nake zaune a Kaduna, ko na san masu wannan aiki. Na ce:

"Baba, kamfanonin talla a Kaduna suna da yawa."

Wannan ita ce maganar da na fi tsana a duk abin da bakina ya taɓa furtawa, ni da na ci abinci da magana duk rayuwata. Ba ƙarya a cikinta, shi ya sa na zaɓe ta. Baba ya gyaɗa kai, ya ce wa Tanko, ba tare da ɗaga murya ba, tun suna yara bai taɓa hana shi komai ba, da riga yake so da ya faɗa. Ya ce kada gangarsa ta ƙara shiga gonarsa. Tanko ya ce ya ji, ya yi godiya, ya tashi ya fita.

Na koma Kaduna da niyyar in sa a cire waƙar, amma ban ko buɗe baki ba, don a makon ne kamfanin maganin ya sabunta aikin, ya kuma ce ni yake so. Damina uku ana sa ta. Baba bai ƙara kiran gayya da kiɗa ba. Ya koma ɗaukar 'yan ƙwadago, ya daina zuwa kasuwar Malumfashi saboda yara na binsa da Bushiya. Mutumin da ke cika hanya idan yana tafiya ya koma bin gefen katanga. Tanko kuwa da kaka ba a kai masa dawa ba, kuma sauran manoma suka janye, kowa na cewa wanda ya sayar da na Sarkin Noma nasa ba zai yi masa wuya ba. Kafin shekara ta zagayo ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Danja, yana aiki a wurin masu mazarƙwaila. Ni kuma ina ta hawa. Na yi tallar sabulu, ta batir, ta taki, na auri mahaifiyarku, na je Makka, duk a kan wannan tushe.

Sau ɗaya na je wurinsa, bayan shekaru, lokacin na sayi mota. Na same shi yana tura rake cikin injin matsa, hayaƙi ya cinye masa ido. Ya gane ni, ya ce a kawo wa Ɗan Gida tabarma, ya sa aka ɓaro mini mazarƙwaila mai zafi. Na soma kame-kame ina neman gafara, ya katse ni ya tambaya ko na faɗa wa Sarkin Noma. Na ce tukuna, ina neman lokacin da ya dace.

"To ba ni za ka roƙa ba. Ni riga na samu. Idan ka faɗa masa, ka ce Tanko na gaishe shi, ganga tana nan na rataye, ban buga wa kowa ba."

Ban faɗa ba. Kullum sai in ce sai Baba ya ɗan huce, sai bayan kaka, sai bayan Salla. Tanko ya rasu a can, a wurin wani direba na ji labari.

Da ciwon ajali ya kama Baba na zo na zauna da shi. Wata rana da hantsi, muna mu biyu a ɗaki, ya ce ya ji yanzu ina hulɗa da mutanen rediyo. Ya ce ko zan iya nemo masa kiɗan nan, gangar kawai, ba waƙar ba, yana so ya ji sau ɗaya a inda ba yara. Ya ce duk abin da Tanko ya yi, hannunsa ba shi da na biyu. Kaset ɗin asali yana cikin akwatina a Kaduna, tafiyar da zan je in dawo a yini guda. Amma farkonsa akwai muryar Tanko tana kiran sunana. Na yi tunanin in wuce wurin in sa masa daga inda ganga ta fara, sai na ga zai tambaye ni inda na samo har da kirarin da ba a taɓa sawa a rediyo ba. Na ce masa zan bincika, irin waɗannan abubuwa sukan ɓace a ofis. Ya ce to. Irin "to" ɗin nan nasa. Bai ƙara tambaya ba, kuma bai kai ƙarshen watan ba.

Bayan an share makoki Inna ta kira ni ɗakinta ta ce ita tun ranar da ta kashe rediyon Lawal ta san aikina ne, don duk garin ba mai haɗa magana haka sai ni. Na tambaye ta ko Baba ya sani. Ta ce bai taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta faɗa ba, ni ta bar wa. Ta ce yanzu sai in je in yi ta zama da rashin sanin.

Na zauna da shi kuwa, ga shi har na tsufa. Abin da nake roƙonku kaɗan ne. Ku daina koya wa yara waƙar nan, kuma kada a rubuta Bushiya a jikin sunana idan na mutu. Kaset ɗin yana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, na sa an juye shi a waya don kada ya lalace. Jikokin Tanko suna nan a Danja, Lawal ya san gidan. Ƙafata ba ta kai ni yanzu, amma ku za ku ɗauke ni ku kai ni, a tara mutanen unguwa da rana, a sa shi tun daga farko, daga inda yake kiran sunana, ni kuma in faɗi sauran da bakina. Idan Allah bai kai ni ranar ba, ku je ku faɗa, kada ku rage komai don ku rufa mini asiri.

Ke kuma Hadiza, da kika bi sawuna kina yi wa kamfanoni talla a waya, na ga yadda kike ɗaukar tsofaffi a kasuwa suna magana kina sawa mutane na dariya. Aikin yana da daɗi, na sani, kuma kin fi ni iyawa. Amma duk abin da za ki ɗauka, ki tsaya ki tambayi mai shi, ki gaya masa inda za ki kai shi. Idan ya ce a'a, ki bar masa abinsa. Idan kuma kin riga kin yi, ki faɗa a ranar, tun mai tambayar yana zaune a gabanki.